Shekarar da Malam Bai Tafi Mina Ba

Yanzu Makka ba ta yin shiru. Ko ranar Arfa, da ake cewa kowa ya fita, in na kasa kunne daga tagar gidan ɗana ba abin da nake ji sai motoci da jiniya da ƙugin injin sanyaya ɗaki. Jikokina dariya suke yi in na ce musu da can garin nan yakan zama fayau, har in akuya ta yi kuka a bayan dutse sai a ji ta a tsakar gidanmu. Ɗaya daga cikinsu ta ce da ni, da Larabcinta mai sauri kamar ana korar ta, wai ko mafarki na yi. Na ce mafarkin gidanku, ke da ko gaisuwa ba ki iya da Hausa ba. Ban ga laifinta ba dai. Wanda ya buɗe ido ya ga fitilu da dogayen benaye, ina zai san akwai lokacin da maza kan watse daga garin nan kaf, su bar mana shi mu kaɗai mu yi yadda muka ga dama.

A unguwar Tandabawi muke a lokacin, a gefen dutse. Ɗakunanmu na katako ne da gwangwanayen kananzir da aka fasa aka miƙe, da rana su gasa mutum, da asuba su yi sanyi ƙarara. Iyayenmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, ni kaina a hanya aka haife ni, a wani ƙauye na Sudan da ko sunansa ban riƙe ba. Mazan unguwarmu 'yan ƙarfi ne, masu ɗiban ruwa da 'yan dako da masu ɗaukar tsofaffi a kafaɗa wajen ɗawafi. Abincin shekara kuwa a kwanakin aikin Hajji ake samo shi. Saboda haka ranar da alhazai ke fita Mina, duk namijin da ke iya ɗaga ƙafa sai ya bi su, har yaran da muryarsu ba ta gama fashewa ba. Tun da sassafe za ka ji ƙararrawar raƙuma da kukan jakuna da Labbaika tana tashi ta ko'ina, kafin azahar kuma tsit, kamar an ɗauke ruwan sama. Sai mu mata mu yi ajiyar zuciya, mu kwance ɗankwali. Ranar Arfa mu ɗunguma Harami da yaranmu da ƙunshin abincin buɗa baki, mu yi ɗawafi ba mai ture mu, mu sumbaci Baƙin Dutse har mu ƙoshi. Mu dawo mu hau toya ma'amul, wannan ɗan burodin mai dabino a ciki da muka koya wurin maƙwabtanmu Larabawa, saboda tarbar masu dawowa. Ƙamshin man shanu da habbahan, 'yar ƙwayar ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, ya cika lungu.

Ranar Salla kuma sai Gais. Wasa ne na matan Makka, mun tarar ana yi, muka shiga muka ƙara masa gishiri. Mata su sa kayan mazajensu, riga da rawani da ɗamara, su zana gashin baki da baƙin tukunya, su fito jerin gwano da kiɗa suna zaga unguwa. Manyan unguwanni sukan raba dare suna yi, mu kuwa da la'asar sakaliya muke farawa saboda tsofaffi da yara su gani. Kuma wasan yana da doka ɗaya da kowa ya sani. Duk namijin da aka kama ya zauna a gida bai bi maza ba, to ya shiga uku. Za a kewaye shi da waƙa ana tambayar sa me ya zaunar da shi, a bi shi da sanduna da tsintsiya har sai ya ɓace. Ba a barin kowa, komai girman rawaninsa. Da idona na ga wani attajiri mai tumbi yana gudu takalmi a hannu.

Maigidana mai ruwa ne. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na salla ba. Yana ɗiban ruwa daga bazan, wato wurin da ruwan gari ke fitowa, ya ɗora zafa a kafaɗa, sanda ce mai garwa biyu, ya yi ta hawa da sauka yana kai wa gidaje. Mutum ne mai surutu da tsokana, in yana tafe tun daga ƙasan dutse za ka ji muryarsa yana ce wa mata su kauce kada ya yi musu wanka. Ni ina da ƙuruciyata a lokacin, da 'ya'ya biyu, Habu da Binta, muna zaune tare da mahaifiyarsa, Inna. To a wannan shekarar, wajen watan Azumi, santsi ya kwashe shi a kan matakalar dutse da kaya a kafaɗa. Ƙafar dama ta karye a cinya. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma ya kama a karkace, ƙafar ta gajarce. Maɗorin ya ce zai iya takawa da sanda in ya daure. Malam bai daure ba. Ya gwada sau ɗaya a tsakar gida, ya faɗi a gaban yara, daga ranar bai sake gwadawa ba. Ya koma ƙuryar ɗaki ya juya wa ƙofa baya.

Ni na ɗauki wankau da daka a gidajen Larabawa, Inna tana soya gyaɗa, ba mu kwana da yunwa ba. Amma in na ajiye masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture, ya ce shi ba zai ci guminmu ba yana kwance kamar buhu. Mutumin da ba ya rufe baki ya zama sai ya wuni bai ce uffan ba. Masu zuwa dubiya kuma suka ƙara lalata lamarin, kowa ya shigo sai ya sassauta murya, sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne, kamar an zo gidan makoki. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wallahi tsoro ya kama ni. Ba ƙafar nake tsoro ba, ƙafa ta warke. Gani nake baƙin ciki zai kashe mini miji ina kallo, ya bar ni da marayu ina da sauran ƙuruciya.

Ranar fita Mina abokan aikinsa suka biyo ta ƙofarmu da garewaninsu suna ƙara. Babu wanda ya leƙo, don kada su sosa masa rai. Yana kwance yana jin su har sautin ya ɓace. Da na kai masa koko ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Maza sun tafi ko?"

Na ce, "Sun tafi, Malam."

Ya ce, "To, saura mu mata."

Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share ido.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ko kallon sa sosai ba ta yi a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan. Amma daren Salla na ga ta yafa mayafi ta fita, ita da ba ta son fita. Da ta dawo ta same ni ina tankaɗe, ta zauna ta yi ta gyara bakin zaninta kafin ta yi magana. Ta ce, "Ke 'yar nan, na je wajen Asabe. Na ce mata gobe in sun zo ƙofar nan su wuce salin alin. Wancan ba shi da ƙarfin da za a yi masa waƙa." Goggo Asabe ita ce uwar wasa a unguwarmu, ita ke yin umda, wato mai unguwa, duk shekara. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna, kin raba ni da fargaba." Don ni ma abin da ke cina ke nan. Ina ganin in matan nan suka buɗe baki suka tambaye shi me ya zaunar da shi a gida, to sun gama da shi.

Da la'asar ranar Salla na yi wa yara wanka, na sa wa Binta kwalli, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Inna ta fito da ƙwaryar gyaɗa da 'yar butar shayi. Niyyata in ja wa Malam ƙofar ɗaki in toshe tagar da tsumma. Ina cikin haka muka jiyo kiɗa daga ƙasan dutse, sai ya ɗago kai. Ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce Gais ne, yanzu za su wuce, ya yi haƙuri. Sai ya ce, "Tun ina yaro rabona da ganin abin nan. Fitar da ni."

Na ce, "Haba Malam, ka san dai dokar wasan."

Ya ce, "Na sani. Fitar da ni na ce."

Ban taɓa yi masa musu ba, kuma rabon da ya nemi wani abu a wurina har na manta. Ni da Habu muka tallafe shi muka zaunar da shi a kan turmi da aka kifa, a jikin bango, sandar da maɗori ya ba shi tana gefensa. Har hula ya sa na ɗauko masa. Inna ta kalle shi ta gefen ido, ta kalle ni, ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Hankalina a kwance yake, tunda an riga an yi magana da Goggo Asabe.

Kai, jama'a, wannan wasa! Ko yanzu in na rufe ido ina ganin su suna hawowa. Yara ne a gaba suna buga gwangwanaye, sai masu kiɗan ƙwarya, sai wata maƙwabciyarmu, mutumiyar ƙasar Jawa, da 'yar gangarta. Ga Goggo Asabe a kan wani tsohon jaki da maza suka raina suka bari, ta cusa matashi a ciki ya zama tumbi, ta manna gemun audugar katifa, tana ɗaga hannu tana amsa gaisuwa da ƙasaita. Wata ta yi askari da taɓarya a kafaɗa a matsayin bindiga, tana buga ƙafa, wandon mijinta yana zamewa tana ja. Wata ta yi jagoran alhazai, ta tasa 'yan yara a gaba tana yi musu tsawa da Larabcin ƙarya, su kuma suna amsawa da amin. Har da mai yin wanzami, tana bin mutane da wuƙar katako wai sai ta yi musu aski. Tsofaffi a ƙofofi suna nuna su suna cewa wannan ai tafiyar wane ce, wancan kuma tarin wane ne, don kowace mijinta take kwaikwayo, kuma ba ta rage masa komai. Guɗa tana tashi, ana watsa alewa da gyaɗa, yara suna wawa. Binta ta yi dariya har ta shaƙe. Na saci kallon Malam, na ga ya gyara zama, ya tura hula gaba, bakinsa yana motsi. Na gane shirya amsar da zai mayar musu yake yi, irin ta da.

Suka iso ƙofarmu. Yaran gaba suka gan shi, wani ya buɗe baki zai yi ihu ga namiji, uwarsa ta toshe masa baki. Goggo Asabe ta ɗaga hannu, kiɗa ya mutu. Matan nan da suka cika lungu da hayaniya suka sunkuyar da kai, suka raɓa ta jikin ɗaya bangon suna wucewa sumumu, ba ka jin komai sai kofaton jaki a kan dutse. Mai taɓarya ta sauke ta ta ɓoye a bayanta. Wata tsohuwa cikinsu, da gashin bakinta na baƙin tukunya, ta rage murya ta ce, "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Na juya na dube shi. Murmushin nan ya tafi. Ya bi su da kallo, sannan ya sa hannu ya cire hular ya ajiye a cinya. A hankali ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe ba su ga namiji ba."

Maganar nan ta soke ni har ƙahon zuciya. Sai a lokacin na gane abin da ya fito nema. Attajiri mai tumbi an kore shi, ko tsoho mai tari aka kama sai an kore shi, duk wanda ake lissafawa cikin maza ana korar sa. Shi kaɗai aka wuce aka yi wa sannu. Mu da muke son sa mu muka yi masa wannan, da kyakkyawar niyya. Inna ta daina ɓare gyaɗa, amma ba ta da bakin magana, ɗan fari ne. Jerin kuwa har ya kusa shan kwana.

Ni mai kunya ce a lokacin, kada ku ga bakina na yanzu. Ban taɓa shiga Gais ba, kallo kawai nake yi, ko sunan mijina ban taɓa furtawa ba. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na shiga gida na lakato baƙin tukunya na shafa a leɓe, na fizgo tsohon rawaninsa na naɗa yadda ya samu, na ɗauko tsintsiya. Na fito tsakiyar lungu na ƙwala ihu da muryar da ban san ina da ita ba, "Jama'a, ku dawo! Kun makance ne? Ga ƙato zaune a gida!"

Suka tsaya cak. Goggo Asabe ta juyo a kan jakinta tana kallon Inna. Ni kuwa na juya kan Malam, na nuna shi da tsintsiya na fara waƙa, abin da ya zo bakina kawai. Na ce maza suna Mina suna aiki, wane ne wannan a kan turmi. Na ce ko daka ya zo taya mu, a ba shi taɓarya. Ba wanda ya karɓi waƙar. Na ɗaga tsintsiya na sauke masa a kafaɗa, fyaɗ. Inna ta ce, "La'ilaha illallahu!" Habu ya fashe da kuka.

Malam ya ɗago ya dube ni, da rawani a karkace da baƙin tukunya har kunci. Sai ya mayar da hularsa ka, ya gyara murya, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai wannan saurayi, waye ubanka a garin nan? Gashin bakinka ma a karkace yake!"

Goggo Asabe ce ta fara fahimta. Ta buga cinya ta ce, "Yalla, ku kama mini shi! Askari, ina kike?" Kiɗa ya ɓarke kamar an ɓalle ƙofa. Matan nan suka juyo gaba ɗaya suka kewaye shi, suka karɓi waƙata suka ƙara mata baituka da ban isa in maimaita su a gaban jikoki ba. Shi kuma yana mayar musu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa umda tumbinsa ya zame gefe. Ya ce wa askari ya riƙe wandonsa kafin ya kama ɓarawo. Wanzami ta zo da wuƙar katako ta cire masa hula, tsintsiyoyi suna sauka ta ko'ina, ba da ƙarfi ba amma ba da wasa ba. Yana kare kai yana dariya, irin dariyar da har ta sa shi tari. Goggo Asabe ta ce doka doka ce, namiji ba ya zama, sai ya gudu. Na ce a raina yanzu za a ɓata. Kafin in yi magana ya laluba ya ɗauki sandar, ya dafa bango, ya miƙe. Ya yi tangaɗi, na miƙa hannu, ya ce, "Kauce, saurayi, kada in take ka." Ya fara ɗingishi yana bin lungu, yana ihu wayyo jama'a za su kashe ni, mata suna biye da shi a hankali suna daidaita tafiyarsu da tasa, suna kiɗa suna guɗa. Bai tsaya ba sai da ya kai bakin lungu ya faɗa zauren wani maƙwabci ya turo ƙofa. Aka yi ta buga ƙofar ana yi masa waƙa, sannan jerin ya wuce.

Da na waiwayo na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Har yau ban san ko dariya take yi ko kuka ba, kuma ban tambaye ta ba.

Da magariba ya dawo da ƙafarsa, Habu yana riƙe masa hula. Ya zauna a tabarma yana haki, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ya shafa kafaɗa ya ce, "Ke kam hannunki ba tausayi. Duk cikinsu taki ta fi zafi."

Na ce, "Ai gobe ma za su biyo, Malam. Sai maza sun dawo ake dainawa."

Ya ce, "To ki sa mini tuwo da yawa. Mai gudu ba ya gudu da yunwa."

Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Inna ta tura masa nata kwanon da ƙafa, tana kallon wani wajen.

Ƙafar ba ta miƙe ba har abada, kuma zafa bai sake ɗaukar ta ba. Amma kafin wata Sallar ya haɗa ɗan teburin shayi, da alhazai suka tashi fita Mina ya ɗora kayansa a jakin haya, ya bi maza da sandarsa, yana tsokanar duk wanda ya wuce shi. Na tsaya a ƙofa ina kallon ɗingishinsa har ya sha kwana. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan wannan, mun aurar da 'ya'ya, mun ga jikoki. Matan unguwarmu ba su sake samun sa a gida ranar Salla ba har Allah ya karɓi abinsa.